Sati na tara da Faransanci: ashe ƙarya nake ta shararawa a kan les loisirs

Salam 'yan uwa masu fama da bonjour da bonsoir irina, ya ƙoƙari. Satin nan na ƙare babin les loisirs, wato abubuwan da mutum yake yi in ya samu sarari, kuma wlh na ɗauka shine babi mafi sauƙi tunda dai hira ce kawai ta me kake so me baka so, ashe akwai rina a kaba.

Ranar Litinin na haddace jimloli biyar daga littafi kaman karatun allo. Je joue au tennis, je fais du ski, je joue du piano, da sauransu. Da yamma na je shagon wani abokina ɗan Maraɗi da yake saida yadi, shine nake gwada bakina da shi tunda shi ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, ya tambaye ni qu'est-ce que tu aimes faire, wai me nake son yi, ni kuma na gyara murya nace je fais du ski, wato ina wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mutumin nan ya ajiye almakashi ya dube ni yace a ina, a kan dutsen Dala? Duk shagon aka kwashe da dariya. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firji, ban taɓa taɓa fiyano ba, amma na zauna ina rantsuwa da Faransanci cewa sune rayuwata. Yace mun malam ka faɗi abinda kake yi da gaske mana, in kalmar babu mu nemo ta.

To daga nan na canja salo. Na ɗauko takarda na rubuta da Hausa tukunna: kallon ƙwallo, dara, karta jefi jefi, kiwon tattabaru, sai zaman shayi da daddare. Sannan na fara neman yadda ake faɗin su.

Inda na fi daɗewa shine wajen jouer à da jouer de, kwana uku suna juya mun kai. Abinda ya warware mun shi kuwa Hausa ce. Mu ai aikatau muke canjawa, a buga ƙwallo, a kaɗa kalangu, a busa algaita, a goga goge, kowanne da nasa. Su kuma jouer ɗaya ne tak, 'yar ƙaramar kalmar da ke binsa ce take nuna ko wasa ne ko kiɗa. In wasa ne da ake ci ko a cinye ka, à ne: je joue au foot, je joue aux cartes, je joue au dara. In abun kiɗa ne ko busa, de ne: je joue de la guitare, je joue du kalangu. Au ɗin nan à da le ne suka haɗe, du kuma de da le, ba a cewa à le ko de le sam. Na fi sau goma ina cewa je joue du foot, abokin nawa yana cewa to kaɗa mana ƙwallon mu ji sautinta.

Faire kuma bai bani wahala ba dan kusan "yi" ɗinmu ne. Ina yin iyo, je fais de la natation. Ina yin ɗinki, je fais de la couture. Keke ma je fais du vélo, duk da mu hawa muke cewa. Sai dai in za a kore abun, du da de la sai su koma de kawai, je ne fais pas de sport. Amma da aimer, wato so, ba haka bane, le ɗin yana nan daram, j'aime le foot, je n'aime pas le foot. Wannan har yanzu sai na tsaya na yi tunani kafin ya fito, kuma kafin na gama tunanin hira ta yi gaba.

Wani abu da na gane ma, ashe ni ba joue nake ba, regarde nake. Rabona da buga ƙwallo tun ina sakandare, yanzu gidan kallo ne nawa, dan haka gaskiyar magana je regarde le foot. Ya ɗan yi mun ciwo da na rubuta amma ya zan yi.

Tattabaru sune suka fi bani daɗi. Kiwo élever ne, j'élève des pigeons, kuma da na faɗa daidai sai tambayoyi suka fara zuwa, nawa ne, me suke ci, tun yaushe, kaga dole na koyo le mil wato gero, da depuis trois ans, shekara uku kenan ina yi. Jimla ɗaya ta jawo mun kusan goma ba tare da na buɗe littafi ba, wanda da ski ne da a nan hirar zata mutu tunda bani da abun ƙarawa. Abokin nawa ya kuma ja mun kunne wai a bakin Faransawa in aka kira mutum pigeon ana nufin wanda ake yi wa wayo a cinye masa kuɗi, dan haka kar na kuskura nace je suis un pigeon, wato ni tattabara ne. Da kaɗan na faɗa kuwa, dan je suis ɗin nan ya zame mun kaman gishiri, ko'ina sai na barbaɗa.

Da na juya masa tambayar, et toi, nan na ga bambanci. Shi la lutte yace, kokawa, ya shiga bani labarin gasar kokawar cin takobi ta ƙasa da ake yi a Nijar, le Sabre national, da su Issaka Issaka na Dosso, rabi Faransanci rabi Hausar Maraɗi, na kama kaman kashi ɗaya cikin uku. Sai belote, wani wasan karta da suke bugawa a fada ana shan shayi, da pétanque, wasan jifa da ƙwallayen ƙarfe wanda ban taɓa gani ido da ido ba. Itama à ce, je joue à la pétanque.

Furuci kam sai addu'a. Loisirs ana faɗinsa kaman luwazir, s ɗin ƙarshe shiru. Temps libre kuma temps ɗin ta hanci yake fita, p da s duk ado ne. J ɗin joue ba irin ta jaki bace, tafi kusa da sh mai nauyi, ni kuma harshena ya ƙi. Ina sauraron Journal en français facile na RFI, minti 10 ne, in suka zo labarin wasanni nakan tsinci kalma biyar shida na ji kaman na ci gasa.

Ga masu shirin DELF A1 irina, wato jarrabawar Faransanci ta matakin farko, sashe 4 ne kowanne maki 25, ana neman 50 cikin 100 kuma kar ka gaza 5 a ko ɗaya. A na baka akwai inda mai jarrabawa zai yi ta tambayarka game da kanka, iyali, aiki, abinda kake so, to in ka ce masa fiyano ya tambaye ka wane irin kiɗa kake yi ai ka shiga uku.

Sati mai zuwa souvent (sau da yawa) da parfois (wani lokaci) da jamais (faufau) zan kama, dan na iya cewa dara sau da yawa, karta wani lokaci. Dan Allah wanda ya san yadda zan faɗi langa ya taimaka, na tambayi abokin nawa yace shima je joue au langa zai ce, amma naga kaman bai tabbata ba dan sai da ya sosa ƙeya tukunna.