Mai ciwon suga, kada ka raina ciwon haƙori

Ƙannena, musamman ku da ciwon suga ya kama da wuri ko yake cikin danginku, ku ji yadda na rasa wani yanki na ƙashin muƙamuƙina.

Cikin hunturu ne a Garwa hancina na dama ya toshe, haƙorin ciki na sama ya soma zugi. Na ɗora wa ƙura laifi, na cusa kanumfari. A lokacin na daina shan metformin, maganin sugana, saboda ina jin garau, kuma wannan shi ne babban kuskurena. Na biyu shi ne zuwa wajen mai cire haƙori a kasuwa, wanda bai tambayi sugana ba, ni ma ban faɗa masa ba.

Ramin ya ƙi warkewa. Mugunya ta riƙa fita da wari, haƙoran kusa suka soma girgiɗi, kumatuna ya yi kamar ba nawa ba. In na kurɓi shayi sai ya ɗigo ta hanci. Likita ya bayyana mini cewa jijiyoyin haƙoran ciki na sama suna dab da wani kogo na iska da ke cikin ƙashin kumatu, don haka cuta kan tsallaka daga wannan zuwa wancan. Suga kuwa in ya yi yawa yakan kashe ƙarfin garkuwar jiki, ya lalata ƙananan hanyoyin jini. Ƙashin da jini ya daina kai wa mutuwa yake yi, magani ma ba ya isa gare shi, sai tiyata.

Akwai cutar da ta fi tawa muni, baƙar funfuna, wadda ta addabi masu suga a Indiya a 2021 lokacin korona. Daga kogon hanci take cin ganɗa, ta nufi ido da ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki. Maganin dexamethasone da ake sha barkatai don a yi ƙiba yana buɗe mata ƙofa, domin yana ɗaga suga. 'Yan mata, don Allah ku bar shi.

Kafin a taɓa muku haƙori, ku auna suga da safe ba ku ci komai ba; daga giram 1.26 a litar jini ake zancen ciwon suga. In hanci ɗaya ya toshe tare da zugin fuska, ko ido ya kumbura, ko kuka ga baƙin tabo a ganɗa, ku tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.