Tafiyar ƙafa zuwa ruwan Wli a ƙasar Ghana

Hanyar Accra zuwa Hohoe ba ta da wani labari, in ban da gadar Adomi da ke kan kogin Volta tun 1957, da 'yan tallan Atimpoku masu cusa maka soyayyun ƙananan kifi ta tagar mota. Sai wani jami'i a wani shinge da ya tsayar da ni a rana yana jujjuya fasfona, wai me ɗan Najeriya zai je yi a daji. Takarduna cikakku ne, ko sisi ban ba shi ba, ya gaji ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba.

Zangon Hohoe ne ya wanke mini wannan takaici. Wani dattijo mai sayar da goro da muka haɗu a masallaci ya ji Hausar Kano a bakina, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ba ka kwana a otal ina da ɗakin baƙi." Na ce, "Baba, kar na ɗora maka nauyi." Ko saurarata bai yi ba. Tuwon zafi da miyar ayoyo da dare, koko da ƙosai da asuba, sannan ya haɗa ni da jikansa ya raka ni tasha.

Wli ƙauyen ƙabilar Ewe ne kusa da Hohoe, dab da iyakar Togo, inda ruwa ke zubowa daga kan tsauni. A bakin dajin Agumatsa ake yankar tikiti a ba ka ɗan rakiya, kuma kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Da farko na ji zafin haka, amma da na ga hanyar sai na daina ƙorafi. A share take, ba leda ko ɗaya a ƙasa. Ina ma wuraren shaƙatawarmu na gida haka suke.

Tafiyar ba ta da wuya, kusan minti 45 ce a ƙasa mai laushi, inuwa ta rufe ka ruf. Rafin nan guda ɗaya ne, amma sau tara ake tsallake shi a kan ƙananan gadoji, yana ɓacewa yana dawowa. Nan na fara ganin bishiyar koko da idona, 'ya'yanta manne a jikin kututture da manyan rassa. Ɗan rakiyar ya fasa ɗaya ya ce in tsotsi farin da ke jikin ƙwallon: zaƙi da ɗan tsami, ko kusa bai yi kama da cakulan ba. Ga kofi, ga ayaba, ga malam-buɗe-littafi kala-kala. Mutumin da ya saba da rafin da ke ƙafewa kafin hunturu ya wuce, dole wannan kurmi ya ba shi mamaki.

Kafin ka ga ruwan za ka ji rugugi, sai iska mai sanyi, sai feshi ya jiƙa maka riga tun kana nesa. Daga tsayin kusan mita 80 yake zubowa cikin tafki. Baƙaƙen abubuwan da na ɗauka duwatsu ne a jikin tsaunin ashe jemagu ne, dubbai, reto suke yi. Na yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana kaɗawa, na yi azahar a kan fa. Allah mai iko.

Mun ɗan yi musu da ɗan rakiyar da ya ce babu mai tsayinsa a Afirka ta Yamma. Na ce masa ya je Wamba a jihar Nasarawa ya ga Farin Ruwa tukuna. Dariya ya yi, bai yarda ba. A tsabta da tsari dai sun fi mu, wannan ba musu.

Akwai wani ruwan a sama, hawan sa'o'i ne, amma an kwana ana ruwa, hanyar ta yi santsi, ya ce a bari. A dawowa na sayi abarba a arha, mai tasi kuma ya nemi ninka mini kuɗi har sai da jikan Baba ya sa baki ta waya. Washegari na kama motar Accra.