Tarihin Rayuwata, Kashi na Sha Ɗaya: Daren Samanja a Barikinmu

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da aka dawo da mahaifina aiki Sakkwato, muka bar ƙauye muka tare a barikin 'yan sanda. Baba ya fara aiki ne a matsayin ɗan doka na En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta wancan zamani, kuma yana cikin waɗanda aka mayar rundunar 'yan sandan Nijeriya bayan da gwamnatin soja ta haɗe 'yan sandan En'e da na tarayya, saboda haka sai da aka sake tura shi horo a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna yana magidanci mai iyali. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda idan ya shigo gida da kakinsa da kulkinsa ko kukan yaye sai ya lafa, kuma har na kai aji uku na firamare ban san yadda dariyarsa take ba. Wasan kwaikwayo na talabijin ne ya fara nuna mini ita.

A layinmu akwatin talabijin ɗaya ne tak, na wani saje maƙwabcinmu da muke kira Baba Saje, irin mai hoto fari da baƙi da ƙofar katako da ake zugewa. A lokacin tashar NTA Sakkwato ba ta buɗewa sai da yamma, kuma duk da muna ji da namu shirye-shiryen gida irin su Idon Matambayi, babu daren da bariki ke cika kamar daren da za a sa Samanja Mazan Fama, wanda ake kawowa daga Kaduna. Tun bayan sallar magariba ake fito da akwatin a ɗora kan tebur a bakin baranda, a shimfiɗa tabarmi, yara a gaba, iyayenmu mata a gefe ɗaya da mafitai saboda zafin Sakkwato, maza kuma a kan benci a can baya, wasu ko bel ba su kwance ba domin suna da aikin dare. Idan aka ɗauke wuta, akwai wani direban ofis da ke ciro batirin mota, kuma babu wanda ke tashi har sai ya dawo.

Labarin wasan na soja ne, amma 'yan sanda sun ɗauke shi nasu, domin faretin asuba da tsawar na gaba da rigimar matan bariki a bakin famfo duk iri ɗaya ne a wurin duk wanda ya taɓa sa kaki. Usman Baba Pategi, wanda ke fitowa a Samanja, Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, an haife shi a 1942, ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, sannan ya shiga soja har ya yi yaƙin basasa da aka gwabza daga 1967 zuwa 1970. Saboda haka yadda yake tsayawa ƙiƙam da sanda a hammata, da yadda yake gwama Hausa da Turancin bariki a numfashi ɗaya yana zare ido, abu ne da ya gani ya kuma rayu a cikinsa. Na tuna wani dare da ya tsare wani kurtu yana duba takalminsa, yana zagaya shi a hankali, yana tambayarsa abin da duk amsar da ya bayar laifi ce. Sai na ji wani sauti a bayana da ban saba ji ba, na waiga na tarar Baba ne ya sunkuya yana dariya har yana share hawaye da hularsa. Ya dafa kafaɗar Baba Saje ya ce, "Wallahi oga, wanga mutum ya ci kaki. Hakanan anka yi muna Kaduna, ko ɗigo bai rage ba." Inna kuwa ta rufe baki da mayafi, ita ma tana kallon mijinta maimakon akwatin.

Duk da haka, da na girma na yi ta juya abin a raina, na gane cewa ƙananan 'yan wasan da ke kewaye da Samanja su ne suka riƙe shirin, kuma su ne na fi kewa. Tsawa ba ta da daɗin kallo sai da wanda ake yi wa ita. Akwai kurtun da idan an ce a juya dama shi kaɗai zai juya hagu, kuma ya tsaya da cikakken yaƙinin cewa sauran ne suka ɓata. Akwai mai iya kai ƙara a fakaice. Akwai matar da ke iya sauke duk wani mai igiya a hannu da kalma biyu. Wani ma fitowarsa ba ta wuce ta minti kaɗan, ba ya cewa komai sai ƙamewa da sara wa na gaba, amma yanayin fuskarsa ya isa a kwana ana maimaitawa. Kowannensu muna da irinsa a layinmu, har yara kan laƙaba wa wasu kofurori sunayen 'yan wasan a ɓoye. Mutanen nan ba su yi makarantar koyon wasa ba, kuma yawancinsu suna da wani aikin da suke ci da iyali. Abin da suka mallaka shi ne kunne mai kama maganar mutane da ido mai lura da tafiyarsu. Ina ganin rashin adalci ne yadda muka riƙe fuskokinsu shekara da shekaru amma sunayensu na yanka suka ɓace mana.

Wasan ya yi wani aiki da a lokacin ba mu lura ba. Shekarun mulkin soja ne mafi yawa, musamman bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 da ya kawar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ɗan jiharmu, aka zo da yaƙi da rashin ɗa'a, mutanen gari suna ganin mai kaki su canza hanya. Amma a makarantarmu, 'ya'yan cikin gari na Kanwuri da Rijiyar Ɗorowa da ke kiranmu 'yan bariki suna gudunmu, su ne kuma ke tare mu da safe su ce mu kwaikwayi faretin jiya. Ta dalilin wasan suka san cewa mai kaki ma ana yi masa tsawa, yana cin bashi kafin ƙarshen wata, kuma matarsa na iya hana shi tuwo.

Ƙasimu Yero, ɗan wasan kwaikwayo na shirin Karambana, ya rasu a 2017, Samanja ya bi shi a Kaduna a watan Nuwamba na 2023, Allah ya jiƙansu da rahama. Da labarin rasuwar Samanja ya iso ni, sai na kira ƙanwata da ke aure a Mabera, muka yi wa juna ta'aziyya kamar ɗan'uwan Baba ne ya tafi, muka daɗe muna lissafa mutanen bencin nan na baya, waɗanda kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya.

Zaman barikin bai ɗore ba, domin ina aji shida takardar canjin wurin aiki ta zo wa Baba zuwa Argungu, aka yanke shawarar a bar ni a Sakkwato wurin gwaggona in ƙarasa firamare. Yadda zamana a gidanta ya kasance shi ne zan kawo muku a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.