Jazira: yadda ake raba ruwa da gona tsakanin koguna biyu na Sudan

Mai son gane zaman gwamnati da talaka a Sudan ya fara duba filin da ke kudu da Hartum, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Da Larabci ana ce masa Aljazira, wato tsibiri, domin kogunan biyu sun sa shi tsakiya kafin su haɗe a babban birnin. Fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ƙasarsa baƙar laka ce mai nauyi, irin wadda ke tsattsagewa da rani har ƙafa ta faɗa ciki, in ta sha ruwa kuma ta kumbura ta rufe bakinta. Wannan hali na ƙasar shi ya sa magudanan ruwan Jazira ba sa buƙatar siminti, ruwa ba ya tsiyayewa ƙasa. Ga kuma wata baiwa: filin yana gangarowa a hankali daga wajen Shuɗin Nilu zuwa arewa da yamma, don haka ruwa yana tafiya da kansa ba sai da inji ba.

Turawan Ingila ne suka ga wannan suka yi lissafi, masaƙunsu na Lankasha suna neman auduga mai dogon zare. A 1925 aka kammala madatsar Sannar a kan Shuɗin Nilu, tsawonta ya kai kilomita 3, aka buɗe noma a fadan 300,000. Fadan shi ne ma'aunin gona a can, murabba'in mita 4,200 ne, ya ɗan ɗara eka. Bayan samun 'yancin kai a 1956 aka ƙara yankin Manakil, filin ya haura fadan miliyan 2, manoma sun wuce 100,000. Ƙarin ya yiwu ne saboda yarjejeniyar 1959 da Masar, wadda ta ba Sudan kubik mita biliyan 18.5 na ruwan Nilu a shekara, Masar ta ɗauki 55.5, da kuma madatsar Rusairis da aka gama a 1966.

Tafiyar ruwan hawa-hawa ce. Daga Sannar yana shiga babbar magudana, daga nan ya rabu zuwa manyan rassa, su kuma su zuba cikin ƙananan da ake kira tur'a. Daga tur'a ake buɗe bututu zuwa wata 'yar magudana mai suna Abu Ishirin, ita ke shayar da yanki guda na fadan 90 da ake ce wa nimra. Cikin nimra sai Abu Sitta, wadda ke kai ruwa gonar mutum ɗaya. A ƙa'ida kowace gona tana shan ruwa sau ɗaya a kwana 14. A tsarin asali mai buɗe ƙofa da rufewa shi ne gafir, a samansa akwai mufattish, wato sufeton gonaki, wanda a zamanin Turawa maganarsa ita ce doka.

Dabarar da ta fi komai ban sha'awa ita ce ajiyar dare. An tsara cewa manomi ba zai yi ban ruwa cikin duhu ba, amma kogi ba ya barci. Sai aka yi tur'a da faɗi da zurfi, da yamma a rufe bututan Abu Ishirin, ruwa ya kwana yana taruwa, da safe a buɗe ya fita da ƙarfi. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Matsalar ita ce Shuɗin Nilu daga tsaunukan Habasha yake saukowa, kuma daga Yuli zuwa Satumba ruwansa jajawur yake da laka. Ruwa mai laka in ya tsaya cik na dare guda, lakar kwantawa take yi. Kowane dare tur'a na ƙara cikewa daga ƙasa, ciyawar ruwa ta samu wurin kafa saiwa, ruwan da ke wucewa ya ragu. A farkon shekarun abin bai yi tsanani ba, domin ba a jan ruwa da yawa lokacin ambaliya, kuma ana yashe magudanai a kan kari. Da aka cusa dawa da gyaɗa da alkama cikin tsarin, aka rage gonar da ake bari ta huta, sai buƙatar ruwa ta ƙaru daidai lokacin da ya fi kauri.

Tur'a in ta cike, wanda ke bakinta ba ya jin komai, na ƙarshe shi ke shan wuya. Na kusa zai bar bututunsa a buɗe dare da rana don tsoron kada gobe babu, na wutsiya ya zuba ido dawarsa na naɗe ganye. Daga nan sai fasa bango da dare, ko mai hali ya kawo injin ya zuƙe abin da ya rage. Shi kansa yashen in aka ba wanda bai san aikin ba, ɓarna ce: mai katafila da ake biya gwargwadon lakar da ya kwashe zai haƙa fiye da kima, gindin tur'a ya yi ƙasa da bakin bututu, ruwa yana nan a ido amma ba ya hawa gona. Ruwan da ya kwanta kuma shi ne gidan sauro da dodon koɗi, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suka daɗe suna bin ƙauyukan Jazira.

Batun mallaka ya fi na ruwa sarƙaƙiya. Turawa ba su sayi filin ba, sun karɓe shi haya ta dole daga masu shi na tsawon shekara 40 a kan kuɗi kaɗan, suka yayyanka shi suka raba. Kason mutum ɗaya sunansa hawasha, da farko fadan 30, a Manakil 15. A lokacin mai hawasha yana iya barin ta gado, amma ba shi da ikon zaɓen abin da zai shuka, ko ranar shuka, ko wanda zai sayar wa auduga. Kuɗin auduga ana raba shi uku: kusan kashi 40 cikin 100 na gwamnati saboda ruwa da fili, 40 na manoma, 20 na kamfanin Ingila mai gudanarwa. Dawa kuwa ta manomi ce gaba ɗaya, ita ce abincin gidansa. A 1950 aka sallami kamfanin, Hukumar Jazira mai hedkwata a Barakat kusa da Wad Madani ta gaje shi, amma hannun hukuma bai sassauta ba.

A 1981, zamanin Shugaba Numairi, aka soke asusun haɗaka da ake raba kuɗin auduga daga cikinsa aka koma kowa da asusunsa, manomi ya biya kuɗin ruwa da na fili. Da yake auduga kaɗai ke bi ta hannun hukuma, daga cikinta ake cire bashin sauran amfanin gona. Manomi ba wawa ba ne, sai ya karkatar da taki da ƙarfinsa zuwa dawa da gyaɗa da zai kai kasuwa da kansa. Ga farin ƙuda ya addabi audugar, feshi da jirgin sama yana cin kuɗi. Dokar 2005, zamanin Shugaba Bashir, ta ba manomi 'yancin shuka abin da yake so, ta miƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. 'Yancin abu ne mai kyau, amma a ganina an yi gaggawa. Magudanar da aka auna don nimra guda mai shuka iri ɗaya a rana ɗaya ba za ta iya da mutum goma masu shuka kala biyar ba, kowa da ranar ƙishinsa. An kuma sallami yawancin ma'aikatan da suka san ƙofofin, layin dogon da ke kai auduga injinan gurza na Maringan da Hasahisa ya mutu.

Akwai mutanen da lissafin kaso bai taɓa ambata ba, alhali su ke noma da cirar auduga. Suna zaune a unguwannin bukkoki da ake kira kambo a gefen magudanai, yawancinsu daga Darfur da Kurdufan da Chadi, da kuma Hausawa da Fulani da Barebari waɗanda ake haɗawa a kira Fallata. Da yawa kakanninsu mahajjata ne masu tafiyar ƙasa da suka tsaya neman guzuri. Wasu sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Ɗan kambo yakan karɓi hawasha a yi rabo da mai ita, ya yi shekaru yana nomanta, amma filin da bukkarsa take kai ma ba a rubuta shi da sunansa ba, makaranta da asibiti kuwa sai ƙauyen masu hawasha.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya isa Wad Madani a Disamba na wannan shekarar, soja suka karɓe garin a Janairun 2025. A tsakani an wawashe taraktoci da rumbunan iri da taki, ƙauyuka sun watse, magudanai sun yi damina ba yashe. Noman Jazira kuwa ba ya jiran kowa: dawa da gyaɗa a Yuni zuwa Yuli, auduga a biyo baya, alkama a Nuwamba. Alkamar in ta wuce lokacinta zafi ne zai riske ta tana fitar da kai, ƙwayar ta shanye. Yashe kuma sai tsakanin girbin alkama a Maris da zuwan sabon ruwa, wata uku ke nan kacal, kuma ana buƙatar katafila da man da za ta sha kafin jan ruwan Yuli ya sauko daga Habasha.