Kafin ku fassara fim ɗin Karadzic

Masu fassarar fina-finai a Kano, in kun samu fim ɗin tarihi kan Radovan Karadzic, ku yi hattara da abu biyu. Shi shugaban siyasa ne na Sabiyawan Bosniya a lokacin yaƙin Bosniya. Janar ɗin da ya shiga garin Srebrenica na Bosniya a 1995, inda aka kashe Musulmi maza kusan 8,000, Ratko Mladic ne. Sau da yawa ana cakuɗa su.

Sannan kotun musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsohuwar Yugoslabiya ce ta yanke wa Karadzic ɗaurin shekara 40 a 2016, ba ICC (Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya) ba. Ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin rai-da-rai a 2019.

Ɓuyarsa kuwa abin mamaki: farin gemu buzu-buzu, gashi a ɗaure a ka, yana sana'ar mai magani da sunan Dragan Dabic a Belgrade, har aka cafke shi a 2008.