Kafin a sayar da fili saboda IVF, a duba maigidan tukuna

A garin nan namu Gombe in aure ya yi shekara biyu uku babu ciki, matar ce ke shan yawo, yau asibiti gobe wajen mai magani jibi a ce sanyi ne a haɗo mata sassaƙe, shi kuwa gogan yana majalisa ana shan shayi. Alhali likitoci sun daɗe suna faɗa cewa kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Kuma cikin abubuwan da ke jawo wa maza wannan akwai ɗaya da ake iya gyarawa da tiyata, turawa na ce masa barikosil, wato kumburin jijiyoyin jini na maraina.

Ba gwaiwa ba ce fa, don mutane na haɗa su. Jijiyoyin da ke mayar da jini sama daga maraina ne suke buɗewa jinin ya riƙa taruwa, in mutum yana tsaye likita ya taɓa sai ya ji kamar tsutsotsi a cikin jaka, in ya kwanta su lafa. Kusan 15 cikin 100 na maza suna da shi kuma da yawansu suna haihuwarsu lafiya lau, amma cikin mazan da ke zuwa asibiti don rashin haihuwa sai ka samu 35 zuwa 40 cikin 100. Yawanci ta hagu yake kamawa, saboda jijiyar hagu ta fi tsawo kuma a jijiyar ƙoda take juyewa. Illarsa zafi ne. Maraina na son sanyi, ƙasa da zafin jiki da kamar digiri 2 zuwa 3, shi ya sa ma Allah Ya ajiye su a waje, toh in jini ya taru ya ɗumama wajen sai ƙwayoyin maniyyi su ragu, ko su zama ragwaye ba sa iyo, ko ƙwayar halittar da ke cikinsu ta riƙa kakkaryewa.

Akwai wani ɗan'uwana da ke sana'a a babbar kasuwa, da ƙyar matarsa da yayarsa suka tura shi gwajin maniyyi. Ya ce min da aka miƙo masa 'yar robar nan aka nuna masa ɗaki ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya cusa ta a aljihun babbar riga yana waige-waige kar wani ɗan unguwa ya gan shi. Da takarda ta fito ya zo yana huci, ya ce Yaya ni fa lafiyata ƙalau, ba ni da matsala a shimfiɗa. Na ce masa ƙanina ai ƙarfin namiji daban, ƙwayar haihuwa daban, wannan sai madubin likita ke ganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya a ma'auninta na 2021 ta sa ƙwayoyin maniyyi miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyakar ƙasa, shi nasa bai kai ba. Kuma gwajin ma da ƙa'idarsa, a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, kuma ba a yanke hukunci da gwaji guda sai an maimaita.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar tiyatar nan da IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a mayar mahaifa, kamar kishiyoyi, ko wannan ko wancan. Tun 1978 aka haifi jaririyar farko ta IVF a Ingila, a 1992 kuma a Beljiyam aka fito da ICSI inda ake ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak a tsira ta cikin ƙwan mace, daga nan wasu suka ce toh me za a wahala da gyaran namiji tunda ƙwaya ɗaya ta isa. Amma ai ƙwaya ɗayan ma gara ta zama lafiyayya. Binciken da aka tattara ya nuna mazan da aka yi wa aikin kafin ICSI sun fi samun ciki da haihuwa fiye da waɗanda ba a yi wa ba, duk da dai yawancin binciken na duba tsofaffin fayiloli ne, ba irin wanda ake raba mutane da ƙuri'a ba, don haka ba alkawari ba ne. Wani bayan aikin ma ciki kan zo da kansa, wani da aka ce sai IVF ya dawo matakin da za a iya zuba maniyyin a mahaifa kawai, wanda ya fi arha nesa ba kusa ba. Har wanda ba a ga ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa ba, wasunsu kaɗan sukan fara fitarwa.

Sai dai ba kowa ake yi wa ba. Sai wanda ana iya taɓa kumburin da hannu kuma gwajinsa ya nuna matsala. Wanda sai a sikanin kawai aka hango, aiki ba ya ƙara masa komai, in an ce a yanka ka a kan wannan ka nemi wani likitan ya sake dubawa. Aikin da ya fi kyau shi ne wanda ake yi da madubin ƙara girma ta ɗan yanka a ƙasan mara ta gefe, shi ya fi ƙarancin dawowa da tara ruwa a maraina. Likitan mafitsara ake nema, a nan Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na ATBU a Bauchi, ka tambaye shi kai tsaye wane iri yake yi.

Sannan batun lokaci, nan ne lissafin yake. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna, don haka sai bayan wata 3 zuwa 6 ake ganin canji. In uwargida tana da shekara 24, jiran wata shida ba komai ba ne, a yi aikin a jira. In ta haura 35 zuwa 37 ƙwanta raguwa yake yi, a nan likita zai iya cewa a wuce IVF kai tsaye ko a haɗa su tare, kuma gaskiyarsa ne. Shi ya sa zuwa asibitin nan mutum biyu ake yi.

Kuma dan Allah masu zuwa kemis a yi musu allurar testosterone, wato sinadarin mazantaka, wai don ƙarfi, ku sani ita wannan tana iya tsayar da yin maniyyin ne gaba ɗaya, a daina ta kafin ma a je gwajin kuma a faɗa wa likita an taɓa yi.