Gilisirin ɗin da ke saura a gindin duro

Sana'ata a nan Jos ita ce mayar da tsohon man suya ya zama man dizal. Ina sayen man daga gidajen abinci da masu soya kifi da dankali, wanda ya riga ya yi baƙi ya daina suya mai kyau. Nakan tace shi, in dafa shi ruwan ciki ya fita, sannan in haɗa shi da metanol, wani sinadari mai kama da ruwa mai saurin kamawa da wuta, da sodar nan ta masu yin sabulu. Kowace lita 100 ta mai tana cin metanol kusan lita 20. A juya su a zafin digiri 55, a bar su su kwana. Da safe za ka tarar sun rabu biyu: dizal a sama, fes, a ƙasa kuma wani abu mai kauri, ja-ja baƙi-baƙi kamar maɗi. Shi ne gilisirin. Dizal ba ya kwantai, tun da litarsa ta haura naira 1,000 a 2023 masu injin niƙa da janareto ke nemansa. Gilisirin ne ke taruwa jarka bayan jarka, kuma zuba shi a kwata zalunci ne ga maƙwabta.

Shi ya sa nake ƙona shi, amma ba yadda mutane suke zato ba. Gilisirin zalla ba ya kamawa da ashana. Tsantsarsa, kilo da kilo, ba ta ba da ko rabin zafin da dizal ke bayarwa, nawa kuwa ga shi cike da sabulu da ragowar soda da metanol. Babbar matsalar tana wajen wuta mai sanyi. Idan gilisirin ya kai wajen digiri 280 bai ƙone sarai ba, yakan saki wata guba da ake kira akrolin. Ita ce ke sa ido hawaye idan mai ya ƙone a kasko, kuma tana ƙona huhu. Sai wuta ta yi jawur take cinye ta.

Kafin komai sai na fitar da metanol. Yana tafasa tun a digiri 65, don haka nakan dumama gilisirin a rufaffen duro, tururin ya bi ta bututun tagulla da ke cikin ruwan sanyi, ya ɗigo a jarka. Wannan kuɗi ne ya dawo aljihu, domin metanol ya fi komai tsada a aikin. Rabuwa da hatsari ne kuma, tunda yana makantar da mutum, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake ganinsa da rana.

Daga nan sai garin katako, wanda nake saye buhu-buhu a kasuwar Katako. Yarana sukan kwaɓa shi da gilisirin har ya riƙa dunƙuluwa a hannu ba ya ɗiga, su ɗura a kwali. Murhunmu na bulo ne, a fili yake, da dogon bututun hayaƙi da fanka mai hura iska. Da itace muke tayar da wuta, sai garwashi ya yi ja sannan mu jefa dunƙule ɗaya, ya cinye, mu ƙara wani. Da wannan zafin nake dafa tsohon man da ya shigo, abin da a da gawayi yake yi mini. Tokar tana daskarewa a ƙarfen murhu saboda soda, dole a ƙanƙare ta da safar hannu, in ba haka ba iska ta toshe.

Idan hunturu ya kama, masu neman dunƙulen sukan yi yawa. Mai kiwon kaji yana so ya dumama 'yan tsaki, mai gadi yana so ya ji ɗumi a kasko cikin ɗaki. Ba na sayar musu, ko nawa za su biya. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, ai wuta wuta ce." Na ce, "Baba, wutar kasko ba ta da ƙarfin cinye gubar, ku ne za ku shaƙe ta." Haka mata masu tambayar sa don shafawa a kaushi, saboda sun san gilisirin na kanti. Na kanti tatacce ne, nawa kuwa sodarsa za ta ci fata. Abin da murhu bai cinye ba, bayan an cire metanol, masu sabulun wanke ƙasa da kayan gareji nake ba wa.